Tafintan Mista Oliba

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau Alhaji Mukhtar, mai kamfanin madarar da nake wa aiki, ya kawo mana sabon manaja. Bature ne.

Na rubuta, na sake karantawa, har yanzu Bature ne.

Tun da tsohon manajanmu ya yi ritaya nake riƙe da reshen nan na Rano. Ni da Zailani muka kafa shi tun ko katanga babu. Ni ina ofis da injina, shi yana kan babur yana bin rugage daga Saji har Nariya, yana lallashin matan Fulani su riƙa kawo wa kamfani madara. Tun ajin farko na sakandare muke tare. Mun ma riga mun raba abin a tsakaninmu a teburin Muntari mai shayi: ɗaya manaja, ɗaya mataimaki, duk yadda Alhaji ya ga dama. Ashe Alhaji wata damar ya gani daban.

Sunansa Mista Oliba. Yaro ne, ban tsammanin ya kai ƙanina Gali. Wuyansa ya yi jawur saboda rana. Ya miƙo min hannu ya ce "sannu", sai ɗakin taro ya kaure da tafi, Alhaji har da miƙewa tsaye. Ni da na daɗe ina zuba Turanci a gaban Alhaji, ko sau ɗaya bai taɓa tafa min ba.

Alhaji ya ce masu zuba jari daga waje sun fi sakin jiki idan suka ga irin fuskar da suka saba gani. Haka ya faɗa, bai ɓoye ba. Ya ce kujerar mataimaki tana nan, za a duba a cikinmu.

Guda ɗaya ce.

Ban kalli Zailani ba. Ina jin shi ma bai kalle ni ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da safe kafin na fita

Na ciro kwat ɗin da na sa ranar da na gama jami'a. Maɓallin ciki ya ƙi shiga. Matata Sadiqa ta tsaya da kofin kunu a hannu tana kallona.

"Abban Zahra'u, kotu za ka?"

Na ce mata aiki ne ya canza. Ta ce to Allah ya sa wuyan kada ya yi ƙurajen zafi. Ban yi dariya ba, ita ma sai ta daina.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan magariba

Ofis ya zama wani abu daban. Murtala maigadi, wanda ko Alhaji ya shigo daga zaune yake ɗaga masa hannu, yanzu da ya hango motar Bature sai ya ƙame yana sarawa har sai ta shige. Salma sakatariya ta fara magana ta hanci. Manajan bankin da na yi ta zarya Kano ina neman ganinsa ana ce min yana taro, yau da ƙafarsa ya zo Rano, ya zauna a kujerar baƙi yana jira, yana murmushi shi kaɗai.

Abin da ya fi tsaya min: Mista Oliba ya zo aiki da kaftani da hula. Alhaji ne ya ɗinka masa. Kowa na cewa, "Kai, ga tawali'u!" Ni kuwa ina gefensa cikin baƙar kwat, gumi na bin bayana. Bara Alhajin nan da kansa ya ce min kaftani ba kayan shiga taron manya ba ne.

Zailani ya leƙo ofishina, ya dube ni sama da ƙasa.

"Taju, kun yi musanya ke nan? To wa zai karɓi fatar wani?"

Na yi dariya. Allah ya sani na yi dariya, har da buga tebur. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Mun kai shi Nariya a ɗauki hotunan da za a aika wa masu zuba jari. Rugar su Zailani muka sauka, wajen Bappa, ƙanin mahaifinsa wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Bappa ya tsufa ƙwarai amma ya gane ni. Ya kama hannuna ya ce, "Tajuddeen, ka daina zuwa. Ko furarmu ta daina daɗi ne?" A gidan nan na yi hutun makaranta ba sau ɗaya ba. Shi ya koya min tatsa, na sha harbi.

A nan aka gano cikin Mista Oliba ba ya karɓar madara. Ko kurɓa ɗaya ya yi sai ya kwana yana zagaye. Manajan kamfanin madara! Mai hoto ya ce ba komai, ya kai ludayin bakinsa kawai ya lumshe ido. Haka aka yi, hoton ya yi kyau. An sa ni na tsaya a bayansa ina riƙe masa lema, amma mai hoto ya ce na ɗan ja baya kada na fito.

Zailani ya zagaya bayan bukka ya yi dariyarsa ta ishe shi. Da ya dawo idonsa duk ƙwalla.

A hanyar dawowa ya ce min, "Ka san Allah, ko wa aka ba kujerar nan a cikinmu, ni ban damu ba. Yaranmu ɗaya ne."

Na ce haka ne.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

An yi taron ma'aikata. Ba ni da abin rubutawa.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Tambayata aka yi. Da ba a tambaye ni ba, da ban ce komai ba. Tun ranar farko Alhaji ya ce ni ne tafintan Mista Oliba, duk abin da aka faɗa da Hausa na mayar masa. Aikina ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Bari na rubuta abin kirki. Tsarin firji mai aiki da hasken rana da na daɗe ina roƙon a sa a wuraren karɓar madara, don kada ta riƙa tsinkewa kafin ta iso Rano, yau an amince da shi. Sau biyu na kai wa Alhaji a baya, ya ce mafarki nake. Jiya na bai wa Mista Oliba ya duba, yau ya karanta shi a gaban Alhaji, har da wurin da na yi kuskuren rubutu. Da ya gama ya nuna ni ya ce aikin Tajuddeen ne. Alhaji bai ji wannan ba, ko kuma ya ji ya wuce. Ya juyo gare ni fuskarsa cike da annuri ya ce, "Ka ga tunanin Turawa ko? Ka riƙa koyo."

Na ce, "Ina koyo, ranka ya daɗe."

Babur ɗin kamfani da Zailani yake hawa yana jingine a gindin darbejiya tun shekaranjiya. An cire mabuɗin an ba Murtala ya ajiye. Na ce masa ya mayar da shi bayan sito, yana tare hanya.

Ba ya tare hanya.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Ban yi salla a inda muka saba ba. Na tafi can wajen tasha. An ce limamin can ya fi taƙaita huɗuba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan isha'i

Sadiqa ta je gidan Mas'uda, matar Zailani, uwar Asma'u. Ƙawaye ne tun kafin a aure su, ban isa na hana ba. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin gado.

"An ce an dakatar da shi."

Na ce na sani.

"An ce wasa ya yi. Wai Alhaji ya fita amsa waya, Baturen yana bayanin yadda za a ƙara yawan madara, sai Baban Asma'u ya ce, 'Ai shi ke nan, shanu na ganin farar fata za su ƙara nono.' Kowa ya yi dariya. Haka ne?"

Na ce haka ne.

"Kai ma ka yi?"

Na ce ban tuna ba.

"Sai Baturen ya ga ana dariya ya tambaye ka me aka ce."

Na ce to ai kin ji, tambayata aka yi.

Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Da ka ce masa zancen shanu ake. Ai ba ƙarya ka yi ba. An ce daidai lokacin Alhaji ya dawo yana tsaye a bakin ƙofa. Ka gan shi?"

Na tashi na ce zan duba ko an kawo wuta.

Ba a kawo ba. Na tsaya a tsakar gida har aka kira isha'i.

Litinin, 21 ga Afrilu, da safe

Hausa da Turanci ba sa tafiya kai ɗaya. Dole tafinta ya cike giɓi. Idan kalma ɗaya ko biyu suka ƙaru, ai ba da gangan ba ne. Kuma ma'anar ai ita ce dai: cewa mutumin ba shi da wani amfani sai launinsa. Me ya bambanta da abin da aka faɗa?

Turancin Zailani ya fi nawa tun muna makaranta. Yana zaune kusa da ni a ranar.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Wuyana ya yi ƙuraje. Sadiqa ta ajiye min hoda a kan tebur.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan magariba

Mun je Kibiya ni da Mista Oliba duba inda za a kafa firjin farko. Direba ya tafi masallaci, ni ma na je na dawo na tarar da Mista Oliba zaune a inuwar mota yana cin gyaɗa, yara sun kewaye shi daga nesa. Ya ce na zauna. Ban san me ya sa yau ya buɗe min cikinsa ba.

Ashe koyar da iyo yake yi a wani otal a Abuja. A nan Ismail, ɗan Alhaji, ya gan shi. Suka ce masa aikin ba wuya, ya zauna a ofis, ya sa hannu inda aka nuna masa, ya gaisa da baƙi, bayan 'yan watanni ya kama gabansa. Ya ce bai taɓa taɓa saniya ba sai a Nariya. Ya ce kullum da safe idan Murtala ya sara masa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana faɗa yana dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce.

Ni ina zaune a cikin kwat ɗina ina sauraron mutumin da na yi ta gyara lafazina dominsa.

Sai ya ce, "Ina mutumin nan mai barkwanci? Ya daɗe bai dawo daga hutu ba."

Hutu aka ce masa.

Na gaya masa gaskiyar cewa dakatarwa ce. Ya ajiye gyaɗar. Ya ce don wannan maganar? Ya ce ai shi abin ya ba shi dariya, har ya gaya wa mahaifiyarsa a waya, ita ma ta yi dariya, domin gaskiya ce. Ya ce gobe-goben nan zai yi wa Alhaji magana a dawo da shi.

Na ce masa hakan ya yi kyau. Na faɗa har sau biyu.

 

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan azahar

Alhaji ya kira ni a waya daga Kano. Ya nemi shawarata a kan wani abu. Na ba shi.

Talata, 29 ga Afrilu, da safe

Ban ce kada a dawo da Zailani ba. Cewa na yi a bari ƙura ta lafa tukuna, kada ma'aikata su ga kamar ana iya zagin shugaba a kwana lafiya. Kowane mai hankali abin da zai faɗa ke nan. Tukuna na ce. Tukuna ba a'a ba ce.

An tambaye ni ne.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

An ba ni kujerar mataimakin manaja.

An mayar da ni ofishin da ke kusa da na Bature, mai na'urar sanyaya ɗaki. Salma ta shigo ta ce min "yallaɓai", abin da ba ta taɓa ce min ba. Murtala ya sara min, amma rabi, hannun bai kai goshi ba. Ashe sarawar ma hawa-hawa ce.

Gali ya kira daga Kano yana ta murna. Na sayi tsire na kai gida. Zahra'u ta yi tsalle, ta ce za ta kai wa Asma'u nata, 'yar Zailani, ajinsu ɗaya. Uwarta ta ce ta zauna ta ci a nan.

Da na biya wajen Muntari mai shayi, ya haɗa kofi biyu kamar yadda ya saba kafin ya ɗago kai. Ya ga ni kaɗai ne. Ya ce, "Au." Ya tsaya da kofin a hannu bai san inda zai kai shi ba. Na ce ya ba ni duka, ƙishi nake ji. Na shanye su ina gumi.

Wannan ita ce ranar da na daɗe ina jira. Na rubuta don na tuna.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan magariba

Sanyin ofishin nan yana sa ni ciwon kai.

Sabon yaron da aka ba babur ba ya jin Fulatanci, amma Alhaji ya ce ya iya ɗaura lakataye. Ni na zaɓe shi.

Na ɗauko waya na nemo lambar Zailani. Hotonsa ne ya fito, ranar sunan Zahra'u, yana riƙe da ƙahon rago yana yi min gwalo. Na mayar da wayar aljihu.

Laraba, 7 ga Mayu, da asuba bayan salla

Bappa ya rasu. Sadiqa ce ta gaya min, Mas'uda ta kira ta. Ni ba wanda ya kira ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan isha'i

Jiya ban samu jana'iza ba. Na ce aiki ne ya riƙe ni. Yau na yi niyyar zuwa ta'aziyya ni kaɗai a motar haya, na sa farar riga, na zauna a bayan mutane na yi addu'a na taho. Sai Mista Oliba ya ji, ya ce shi ma zai je, tsohon ya yi masa kirki. Alhaji ya ce madalla, a tafi da motar kamfani, a ga cewa kamfani ya damu da jama'a.

Da muka isa Nariya, zaman makoki ya watse. Ba da nufi ba. Mutane suna zaune a kan tabarmi a gindin tsamiya, malami yana addu'a, sai kawai kawuna suka juya. Aka ruga cikin gida aka ɗauko kujerar roba guda ɗaya da ake da ita, wadda wani tsoho mai ciwon gwiwa yake zama a kai. Oliba ya ƙi, ya zauna a tabarma, sai aka shiga cewa, "Kai, ga mutunci!" Matasa suka ciro wayoyi. Na ɗan wani lokaci an manta wanda ya mutu.

Zailani yana zaune a tsakiya. Ya rame, gemunsa ya fito da furfurar da ban san da ita ba. Na durƙusa na ce, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri sai ma'abucinsa. An gode, Malam Tajuddeen." Ya ba ni hannu kamar yadda ya ba kowa.

Oliba ya matsa kusa da shi. Ya yi ta'aziyya da Turanci, ya yi ta da kyau. Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma shi bai san ba a kawo zancen aiki a zaman makoki ba. Ya rage murya, sai dai wurin shiru ne. Ya ce wa Zailani yana so ya sani shi bai taɓa jin haushin wasan nan ba. Ya ce ya roƙi Alhaji a dawo da shi, Alhaji har ya yarda, amma ya ce zai ji ta bakin wanda ya fi kowa sanin Zailani. Daga baya Alhaji ya ce an ba shi shawara a dakata. Oliba ya ce bai san wane ne wannan mutumin ba, amma ya yi kuskure.

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Har juyowa ya yi ya kalle ni don na gaskata shi.

Zailani bai kalle ni ba. Tabarma ya kalla, ya sa yatsa yana bin saƙarta. 

Kawunsa, wani dattijo da ke gefe, ya ce, "Me baƙon yake cewa ne?"

Zailani ya ce, "Gaisuwa yake, Kawu."

Aka shafa fatiha. Aka kawo fura a kwano, aka ajiye a gabana. Na ɗauki ludayi na kasa kai shi baki. Wata tsohuwa daga bakin zaure ta gane ni, ta ce, "Ba Tajuddeen ba ne wannan? Marigayi yana ta cigiyarka da ciwon ya tsananta. Ya ce a gaya maka ka riƙe ɗan'uwanka, ku biyu ne."

Na ce Allah ya jiƙansa.

A mota Oliba yana ta cewa mutanen kirki ne, mutanen kirki ne. Ni ina kallon gonaki, an fara sharar su, hadari yana haɗuwa ta gabas bai zubo ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Ban fita ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Na je har bakin layin su Zailani. Na tsara abin da zan faɗa tun daga gida. Na hango Asma'u tana shanya a kan katanga, ta gan ni, ta ɗaga hannu tana murna za ta shiga ta faɗa. Na yi kamar waya aka yi min, na juya.

Na gaya wa Sadiqa komai da na dawo. Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau, har da na biyun, na wayar Alhaji. Na zaci za ta yi faɗa. Ta gama tankaɗen da take, ta kakkaɓe rariya, ta ce, "Mas'uda ba ta san na biyun ba. Bai gaya mata ba."

Da ma faɗan ta yi min.

Talata, 13 ga Mayu, bayan azahar

Na kira Alhaji. Na ce ƙura ta lafa, a dawo da Zailani, ko da kujerata za a ba shi. Ban san zan faɗi na ƙarshen ba sai da na ji shi a bakina.

Alhaji ya yi dariya. Ya ce, "Kai Tajuddeen, jiya wata magana yau wata. Ai shi ma ya aiko ya ce ya ajiye aikin, ya samu wani a Bauci. Rabu da wannan, ga abin da ya fi muhimmanci."

Oliba zai tafi. Ya ce ya gaji, zai koma ƙasarsu. Zuciyata ta buga, ba zan ɓoye ba. Ko a wannan halin, sai da ta buga. Na gyara tsayuwa ina riƙe da waya, na ce, "To ranka ya daɗe, wa zai riƙe reshen?"

Ya ce, "Ismail ya samo wani. Wannan ya ma fi wancan, yana da furfura da tabarau, kana ganinsa ka ga ilimi. Kai za ka ci gaba da yi masa komai kamar yadda ka saba. Ai ni na san kai ne aikin, Tajuddeen. Amma ka san duniya."

Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan magariba

Oliba ya tafi. Ya rungume ni a bakin mota, ya ce ni ne abokinsa na gaskiya a Nijeriya. Ya bar min hularsa. Ya ce idan na ga Zailani na roƙe shi ya yafe masa.

An yi ruwan farko da yamma. Zahra'u ta fita tana rawa a ciki ita kaɗai. Ta shigo tana tambaya ko Bauci da nisa.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Yau sabon ya iso.

Alhaji ya ce a yi masa tarba ta gargajiya a bakin ƙofar kamfani, a kan titi, don mutanen gari su gani. An jera ma'aikata, an kira masu kalangu. Ni a matsayina na mataimaki aka ba ni babbar ƙwarya cike da kindirmo har baki, na riƙe da hannu biyu, idan ya sauko daga mota na miƙa masa. Tun hantsi muke tsaye. An ce sun baro Kano, an ce sun tsaya a hanya yana ɗaukar hoton duwatsu.

Sadiqa ta fita tun da safe, ta ce za ta taya Mas'uda ɗaure kaya. Ban tambaye ta yaushe ne tafiyar ba.

Muna tsaye sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta taho daga cikin gari, an lafta mata kaya. Na gane katifar, na gane kabad ɗin da muka ɗauko tare daga Kano lokacin aurensa, na gane keken Asma'u an ɗaure shi a sama. Saboda taron da muka yi a kan titi, dole direban ya rage gudu, ya riƙa bi a hankali yana hon.

Zailani yana gaba, kusa da taga. Ta gabana suka wuce, kusa ƙwarai, da na miƙa hannu da na taɓa ƙofar. Ya dubi masu kalangu, ya dubi kwat ɗina, ya dubi ƙwaryar. Sannan ya dube ni. Bai ɗaure fuska ba. Na ga bakinsa ya motsa kamar wani wasa ya zo masa, irin wanda da zai faɗa na yi ta dariya har na riƙe ciki. Bai faɗa ba. Ya ɗago hannu ta taga, ya riƙe shi a sama yana jira.

Hannuwana biyu suna ƙarƙashin ƙwarya. Idan na saki ɗaya za ta karkace. Na duba inda zan ajiye ta, sai Murtala ya ƙwala, "Ga su nan! Ga su nan!" Kalangu ya tashi, aka turo ni gaba. Da na waiwaya, motar ta kai kwana, hannun yana waje har ta sha kwanar.

Sabon ya sauko, ya ce "sannu", aka tafa.

Ko ɗigo ban zubar ba. Alhaji ya yaba min.